Cokalin Baba

Tun da Baba ya tashi daga jinyar zazzaɓi, hannunsa ya yi nauyi a kan garin gahawa. 'Yarsa Auta ce ta fara lura, don ita ke kwashe kofuna a shagonsu na gahawa, kuma yanzu da saura take kwaso su.

Esfireso, gahawar nan da inji ke matsowa, abu ne mai tsiya. Ɗan mazubin ƙarfen da ake ɗaura wa inji yana da iyakar garin da yake so. Ka rage, ruwa ya wuce fuu, ya fito tsararo, salam. Ka cika, ruwa ya rasa hanya, ya riƙa ɗiga baƙi ƙirin, ɗacinsa ya kama maƙogwaro ya ƙi saki. Baba ne da kansa ya koya wa Auta haka, kuma bai taɓa yarda da sikeli ba. Wai sikeli na masu sayar da ƙusa ne, shi cokalinsa da harshensa sun ishe shi.

To, harshen ne ya tafi ya bar shi, ya daina jin ɗanɗano, bai kuma sani ba. Sai ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Garin bana ba shi da ƙarfi," in ji shi, ya ƙara rabin cokali. Ana nan har ta kai sai ya sa ƙarfi kafin mazubin ya ɗauru.

Auta ta shiga uku. Tun rasuwar mahaifiyarta, injin nan kaɗai ke tayar da Baba daga gado. Ta ina za ta fara ce masa ya matsa? Tsoro take ji ƙwarai, sai ta ja bakinta ta tsuke, tana kallon masu shan gahawa suna raguwa.

Tela, maƙwabcinsu, shi ya fasa ƙwan. Abokin Baba ne tun suna samari, kullum da safe kujerar bakin taga tasa ce. Ran nan ya rage murya, ya ce, "Auta, yau ke ki haɗa min, don Allah. Cikina ya gaji."

Harshe ne ya mutu, kunne na nan garau. Baba ya juyo.

"Me ya sami nawa?"

"Babu komai," in ji Tela, yana kallon titi.

Baba ya koma gaban inji. Ya cika mazubi yadda ya saba, ya danne, inji ya yi ta nishi yana ɗigo. Sannan ya miƙa wa Auta cokalin.

"Yi naki."

Ta ɗebi daidai. Nata ya zubo siriri kamar zuma, da kumfa ja a kai. Baba ya juya baya, ya ce ta miƙo masa ɗaya bayan ɗaya, kada ta faɗi na wane ne. Ya rufe ido ya kurɓi na farko, ya juya shi a baki. Ya kurɓi na biyu. Ya koma kan na farkon, ya daɗe.

"Auta," ya ce, idonsa a rufe har yanzu, "duk ruwan zafi nake ji. Wanne ne nawa?"

Ta so ta yi masa ƙarya, wallahi ta so. Amma ta kama hannunsa ta ɗora a kan kofinsa, mai baƙin ruwan.

Ya buɗe ido ya dube shi. Ta miƙo masa cokalinsa, bai karɓa ba. Ya kwance ƙyallen da ke ƙugunsa, ya ninke, ya je ya ja kujera kusa da Tela.

"Haɗa mana biyu," ya ce. "Shi zai gaya min yadda ya yi."