Seu Nivaldo Mai Ɗaura Tutoci

Ina tsakiyar yi wa wani manomi aski sai na ji Dona Creuza ta ƙwala mini kira daga tsallaken titi.

"Tonho! Ajiye askar nan ka zo ka ɗaga mutuminka."

Na leƙa. Seu Nivaldo na zaune a ƙasa a gindin tsaninsa, ƙafafu a miƙe, igiyar tutoci naɗe a hannunsa. Ba faɗowa ya yi ba. Waɗanda suka gani sun ce mataki uku ya hau, ya tsaya, ya sauko a hankali ya zauna. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"Ba abin da ya same ni," in ji shi da na durƙusa. "Ka gaya wa matar nan ta daina tara mini jama'a."

"Kai kuma ka gaya masa," in ji Dona Creuza, tana tsaye taku biyu daga inda yake, "in mutuwa zai yi ya matsa daga bakin ƙofata. Yau ake kawo masara."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da haka suke magana, ta bakin wani. Gidajensu bango ɗaya ne, shagona kuma yana kallonsu, don haka yawanci bakina ake ara.

Saura kwana tara bikin São João a ranar, bikin masara da hura wuta da muke yi duk watan Yuni.

A layinmu ba wanda ya taɓa naɗa wani a kan wani aiki. Kowa ya tsinci nasa ne ya riƙe. Dona Creuza ke da girki. Zeca, direban tasi, shi ke da kiɗa, shi da tsohuwar sanfonarsa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsawa a ƙirji. Mata kan yanka takardu masu launi tun watan Mayu, suna manna su a jikin igiya, kowane gida kuma ya tara itacen wutar da zai hura a ƙofarsa. Seu Nivaldo, da ya yi aikin wayar lantarki har ya yi ritaya, shi ke ɗaura igiyoyin daga rufin wannan gida zuwa na wancan, tun daga coci har bakin tafki. Shekara talatin bai bar kowa ya taɓa masa ba. Hukumar gari ta buɗe nata bikin a sabon fili da manyan lasifikoki, amma mutanen ƙauyuka wurinmu suke zuwa har yanzu, saboda a nan ake cin abinci.

Zeca ne ya kai shi asibitin birni. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, a bar shi a can. Kwana uku ya yi, a na huɗu ya sa takalmansa ya ce ko a sallame shi ko ya sallami kansa.

Ni na buga wa 'yarsa Marilene waya a São Paulo. Ita kaɗai gare shi, kuma rabonta da garin tun rasuwar uwarta, shekara goma sha ɗaya ke nan.

"Yana magana?" ta tambaya.

"Yana yi. Har da zagi."

"To. Zan duba ko za a ba ni hutu."

Muka fito masa da gadonsa ɗakin gaba, jikin taga. Ba a yi wani taro ba, sai dai kullum akwai mai zama da shi. Matar mai burodi ta ɗauki safiya, malamin makaranta ya ɗauki yamma, Zeca ya ɗauki dare, ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Da rana Dona Creuza kan miƙo mini kwanon miya a rufe, ba tare da ta ce na wane ne ba.

"Ka ce mata gishiri ya yi yawa," in ji shi, yana suɗe cokali.

Tutocin kuwa mu huɗu muka ɗauka, ni da Zeca da wasu magina biyu. Abin da yake gamawa a kwana ɗaya da rabi ya ci mana kwana uku. Yana kwance yana kallonmu ta taga.

"Tonho, ja! Igiya ce, ba gashin baki ba ce!"

"Na ja, Seu Nivaldo."

"Wannan ne ja? Gara ma askinka, shi ma kuma kowa ya san yadda yake."

In ya yi ihu sau biyu sai numfashi ya gagare shi, ya yi shiru yana nuni da yatsa. Mun fi jin tsoron yatsan.

Ana gobe biki na je na gyara masa fuska. Kumatunsa sun zurma, sai da na riƙa jan fatar da yatsu kafin aska ta bi.

"Marilene ta ce tana zuwa?"

"Ta shiga mota jiya da safe."

"Kwana biyu ce tafiyar. A wanke mini farar rigata. Tana cikin akwati."

Bai ce komai a kan bikin ba, ko a yi ko a bari. Na tsaya jira, bai ƙara ba, sai na tattara kayana.

Ranar biki kowa aski yake so. Tun bakwai na safe benci ya cika, har wasu na tsaye a waje. A tsakar gidan Dona Creuza mata goma sha biyu suna gurzar ɗanyar masara, ana jin ƙarar har shagona. Wajen ƙarfe tara na hango ta ta fito da kofin kofi, ta dubi shagon, ta ga ba halin in taso. Ta ɗan tsaya, sannan ta shiga gidansa da kanta.

Ta yi kamar minti goma sha biyar a ciki. Da ta fito ta tsallako, ta tsaya a bakin ƙofata.

"Tonho, in ka gama da wannan kan, akwai wani aikin a can."

Na gane. Na ƙarasa askin, don ba a barin mutum da rabin kai, na sallami sauran. A hanya na tambaye ta ko da ransa ta same shi.

"Da ransa. Ya yi kurɓi biyu."

"Ya yi magana?"

"Ya ce sukari ya yi kaɗan."

"Ke ya gaya wa?"

"Da wa ke wurin?"

Muka wanke shi, muka sa masa farar rigar. Fada, limamin cocinmu, ya aiko cewa ƙarfe huɗu za a rufe shi. Kafin sha ɗaya mutane sun cika ƙofar gidan, sai gardama ta tashi a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. Zeca ya ce shi hannunsa ba zai taɓa sanfona ba yau. Matar mai burodi ta ce buhu shida na masara an riga an gurza, in ta kwana ta yi tsami, ga mutanen ƙauye sun riga sun kamo hanya da 'ya'yansu. Malamin makaranta ya ce marigayin da kansa zai so a yi. Wani ya ce kowa na iya sa wa mamaci magana a baki, tun da ba zai musa ba. A ƙarshe aka ce a jira 'yarsa. Matan dai suka koma kan tukwanensu, don ƙullu ba ya jiran shawara.

Motar ta iso ƙarfe ɗaya. Marilene ta sauko da ƙaramar jaka, ta ratso layin a ƙarƙashin tutocin ba ta ɗaga kai ba. Da ta ga taro a ƙofar ba ta tambayi kowa komai ba. Ta shiga, ta daɗe, ta fito idonta a bushe.

Zeca ya matsa da hularsa a hannu.

"Marilene, Allah ya ba ki haƙuri. Mun ce ke za ki yanke mana. In kin ce a fasa, an fasa."

Ta dube shi, ta dube mu.

"Ni kuke tambaya, Seu Zeca? Ranar da uwata ta cika yana kan tsani a can bakin tafki. Sau biyu Dona Creuza ta aika masa, yana cewa saura igiya ɗaya. A shekarar wa kuka tambaya?"

Gaskiya ta faɗa. An yi bikin a shekarar, ni ma na yi rawa.

Dona Creuza ta fito daga cikin mata, hannunta duk ƙullu, ta kama ta a gwiwar hannu.

"Zo ki ci wani abu, 'yata. Kwana biyu a mota."

"An ce ke kika yi ta ciyar da shi. Kin yafe masa ke nan?"

"A'a. Uwarki ƙawata ce tun muna 'yan mata, ban yafe ba. Miya na aika masa. Wannan daban, wancan daban."

Marilene ta tsaya tana kallon ƙasa. Can ta juyo wajen Zeca.

"Ku yi abinku. Abu ɗaya dai, kada wani ya tashi ya yi mini jawabi a kansa. Na san shi."

Ƙarfe huɗu muka ɗauko shi a kafaɗa, mu shida. Igiyoyin da muka ɗaura sun saki, sun yi ciki a tsakiyar titi, sai da mai riƙe da gicciye a gaba ya riƙa karkata shi a kowace igiya kafin ya wuce. Zeca na bayana, na ji ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce. Mutanen ƙauye da suka zo biki da rigunansu masu zane-zane suka cire hulunan kaba suka bi mu. Ban taɓa ganin jana'iza mai yawan jama'a haka a garin ba, kodayake rabinsu ba su san wa ake kaiwa ba. Fada ya taƙaita addu'a. Ba wanda ya yi jawabi.

Da rana ta faɗi aka fito da tebura, aka jera pamonha, ƙullun masarar nan da ake dafawa a cikin ɓawonsa, da kunun masara mai madarar kwakwa, da gasasshiya. Gida-gida aka hura wuta a ƙofa, ban da nasa, don gidan makoki ba ya hura wuta. Zeca ya zauna da sanfona a cinya ya daɗe bai taɓa ta ba. Wata tsohuwa daga ƙauye ta ce masa, "Ɗana, in ba za ka kaɗa ba ka ba ni in zauna a kai." Aka yi dariya, ya fara. Marilene na zaune a dokin ƙofar ubanta. Ba ta shiga rawa ba, ba ta kuma rufe ƙofa ba.

Washegari na buɗe shago da wuri, ko da yake na san ba mai zuwa. Ana yayyafi. Titi duk ɓawon masara da toka, wasu guma-guman na ɗan hayaƙi har lokacin. Marilene ta fito da kujeru biyu ƙarƙashin rumfa, ita da Dona Creuza suna zaune da kwano ɗaya a tsakaninsu, suna ɓare pamonha mai sanyi suna ci. Wata akuya ta zo ta tsaya a gabansu. Marilene ta miƙa mata ɓawon, ta riƙe ɗaya gefen har akuyar ta cinye.