Kati a Kan Goma Sha Tara

"Kai ake jira, Baba Wendell," in ji Araceli mai raba kati, tana ɗan ƙwanƙwasa tebur da farce.

Wendell ya zuba wa kwabban robar da ke gabansa ido kamar yau ya fara ganinsu. Matarsa Marlys tana kujerar hagunsa, bakinta na ƙaiƙayi, amma dokar gasa ta hana ba abokin karawa shawara, ko da gado ɗaya kuke kwana. Wannan ne zagayen sallama. Da an kammala shi, wanda kwabbansa suka fi ƙaranci zai tashi ya koma bayan igiya, cikin 'yan kallo. Wendell ne a ƙasa, ita ke bi masa.

Da can wa ya isa ya kayar da shi? Tun da suka gudo wa sanyin Minnesota suka tare a garin Laughlin, babu Talatar da gasar katin ashirin da ɗaya ta tsofaffi a gidan caca ta wuce su, kuma Wendell ne malamin kowa, a tambaye shi ko kada a tambaya. Karatunsa ɗaya ne: in kana baya a zagayen sallama, tura duka, kada ka mutu da kwabo a hannu. A teburin kicin ya koya wa Marlys, da faɗa da komai, har takan yi fushi ta hana shi kofi. Yanzu mantuwa ta cinye malam. Makon jiya a firji ta tsinci takalminsa. Gobe da safe 'yarsu za ta zo a kai shi gidan kula da tsofaffi a Kingman, shi kuwa bai ma sani ba. Marlys ba kofin gasa take nema masa ba. So take kawai kada a ranarsa ta ƙarshe ya zama shi ne farkon tashi.

"Haba malam, ina karatun naka?" in ji Dwayne, tsohon direban tirela da ke ƙarshen tebur. "Ko dama mu kaɗai kake cika wa kunne?"

"Dwayne, kama bakinka ko in kira manaja," in ji Araceli.

"Ni na ce wani abu? Gaisuwa muke yi."

Wendell ya yi masa murmushi irin na wanda bai gane zancen ba, ya ɗauki kwabo mafi ƙanƙanta guda ɗaya ya ajiye. Marlys ta lissafa a zuci. Ko ya ci, yana nan a ƙasa.

Aka zo kanta. Abin da za ta yi a bayyane yake, ta sa kaɗan ta lallaɓa ta tsira. Sai ta sa hannu biyu ta ture tulin gaba ɗaya.

"Duka, Mama?" Araceli ta tambaya.

"Duka, 'yata."

Aka raba. Goma da tara suka faɗo mata, katin Araceli na sama kuwa shida ne. Dwayne ya yi fito. Hannu ne da ko yaro ya san a tsaya a kansa, ci ya kusa tabbata, kuma in ta ci, Wendell ya tashi. Rabon da ta samu kati mai kyau haka tun safe, sai yanzu da ba ta so.

Ta karci tebur da yatsa, alamar a ƙaro.

Araceli ta tsaya da hannu a kan akwatin kati. Ta dubi Marlys, ta dubi tsohon, sannan ta sunkuyar da kai ta zaro. Sarki ne, mai daraja goma, lissafin Marlys ya zarce ashirin da ɗaya, wasanta ya mutu. Ta kwashe tulin ba tare da ta faɗi lissafi da ƙarfi ba kamar yadda ta saba. Dwayne, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya cire hularsa yana duba cikinta.

Marlys ta miƙe. Can ƙasan ranta akwai ɗan sanyi, tun da dai tsohonta na zaune. Ta kai hannu za ta ɗauki jakarta, sai ya riƙe mata hannun riga. Idonsa ya washe tar, muryarsa ta dawo ta malamin da.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki wasa?" ya ce cikin tausayi. "Ana jan kati a kan goma sha tara? Ki nemi matata, Marlys sunanta, ta nuna miki. Ni na koya mata. Ita ko da wasa ba za ta yi wannan shirmen ba."

Ta daɗe tana kallon yatsunsa a kan rigarta.

"Na ji labarinta," ta ce. "An ce ta yi dace da malami."

"Ƙwarai kuwa," in ji Wendell, ya sake ta, ya juya ga katinsa.

Ta zagaya bayan igiya, ta zaɓi wurin da in ya waiwayo neman Marlys zai fara ganinta, ta tsaya.