Hoton Baba a Shafi na Uku

Wata gidauniya ce ta yi shelar za ta ba matasan Sakkwato jari, da sharaɗin kowa ya kawo tsarin kasuwancinsa a rubuce, da Turanci. Ni kuwa shekarata biyu da gama jami'a, ban da gugar riga da yawon kai takardu ba abin da nake yi. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan kafa kamfanin jakunkunan fata, a ɗinka da keke, a sayar ta intanet.

Fata ai a cikinta na tashi. Mahaifina, Malam Maccido, baduku ne a Ƙofar Dundaye, shekara arba'in yana zaune a shago ɗaya da basilla a hannu. Da basillar nan ya kai ni har jami'a.

A taron horon da aka yi mana, mai koyarwar ya ce abin da alƙalan gasar suke fara dubawa shi ne matsalar da mutum zai magance. Ya ce a kambama ta, a sa hoto in da hali. Ni uban iya Turanci ban je neman matsala da nisa ba. Na wuce shago na ce wa Baba ina son hotonsa don takardar kamfanina. Sai da ya koma gida ya sako farar rigarsa ta Juma'a, ya gyara zaman hula, ya ɗauki basilla yana murmushi. Na ɗauka. Na ɗora hoton a shafi na uku, na rubuta a ƙasansa: tsohuwar hanya, jinkiri, ƙazanta, ba makoma. Jimlar ta yi mini daɗi har na ƙara mata kauri.

Abin da na manta shi ne, a gidanmu takarda ba ta fita sai ta bi ta hannun Baba ya yi mata addu'a ya tofa. Haka aka yi wa takardar jarabawata, haka aka yi wa ta bautar ƙasa. Inna ce ta tuna mini, a gabansa kuwa, ba damar zillewa.

Ranar Alhamis bayan la'asar na kai masa. Na tarar da maƙwabcinmu Malam Abdulwahabu a shagon, tsohon hedimasta ne. Shi kam Turanci ba ya ɓoye masa. Baba ba ya karatun boko, amma ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da girmamawa, har ya iso na uku.

"Ai ga ni nan!" ya ce. "Jalalu, mi anka rubuta ƙasa?"

Na ce, "Cewa niy yi, gwanin dukawa, shekara arba'in shina aiki."

Malam Abdulwahabu ya gyara tabarau ya leƙa shafin. Ya dube ni, sannan ya mai da idonsa titi.

"Shi ke nan abin da kar rubuta?" in ji Baba.

"Shi ke nan, Baba."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya sa a dace, Allah ya sa in fi shi. Muka shafa. Ya tofa, sannan ya ce in bar masa wannan, in je in buga wata.

Washegari da na gitta, sai ga shafi na uku liƙe a bango, daidai saman kansa. Masu ziyarar Hubbare suna biyowa ta nan sayen alabe, 'yar jakar kuɗi ta fata, cikinsu har da 'yan makaranta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na cire hoton daga takardar da zan miƙa, amma wannan bai cire na bango ba. Kwana uku ina zagaye unguwa don kada in bi ta ƙofar shagon, abinci ma sai dai in jagula in tashi.

Ranar Litinin na kasa daurewa. Na shiga na durƙusa na gaishe shi, na miƙa hannu zan ɓalle takardar.

"Bar ta," ya ce, bai ɗago ba.

"Baba, abin da nig gaya maka ba shi na rubuce ba."

"Na sani. Kana hita nit tambayi Abdulwahabu. Yaƙ ƙiya, sai da nih haɗa shi da Allah."

Ya ja zare ya ɗaure. Ni dai ina durƙushe.

"Jinkiri gaskiya na, jaka guda kwana ukku nika yi. Makoma kau Allah kaɗai yas sani. Amma ƙazanta, Jalalu? Yaushe kag ga na taɓa hwatar mutane ban wanke hannu ba?"

Da ƙyar na iya cewa, "To Baba, don mi kal liƙa ta, bayan ka sani?"

Sai a lokacin ya ɗago, ba ni ya duba ba, hoton ya duba.

"Shekara arba'in ba a taɓa sa ni cikin takarda ba. Ɗana yas sa ni."

Ya lasa bakin zare ya nufi kafar basilla.

"Gusa," ya ce, "ka tare man haske."