Kajin Kaka a Gidan Mai Ɗinki

Ni da bakina na jawo wa Baba rashin cin abinci, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Kajin gidanmu gadon Kaka ne, mahaifiyar Baba: baƙaƙe masu ɗigon fari a wuya, gajerun ƙafa, ga faɗa kamar an aiko su. Tun rasuwarta Baba ya kafa doka, mace ko ɗaya ba ta fita daga gidan nan, ko ƙwai ba a ba kowa. Duk ya tara su a akurki ɗaya. Da ciwo ya shigo kuwa, cikin kwana huɗu ya share su, sai wani tsohon zakara ya rage.

Na zo daga wurin aiki na tarar Baba yana lallashin kansa. Ya ce, "Ba komai, Likitar kaji. Ga zakara nan. In sayo mata a kasuwa, zuriyar Inna ta ci gaba."

Da na yi shiru da an zauna lafiya. Amma ina, mai ɗakin gwaji sai ta nuna ta yi karatu! Na ce masa akwai wani ɗan abu cikin ƙwayar halitta, mitokondiriya, mai ɗauke da tambarin da uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta. Zakara ya karɓa wurin uwarsa, amma ba ya miƙa wa kowa. In ba mace, layin kazar Kaka ya yanke.

Baba ya dube ni ya ce, "Wato Inna ta sake mutuwa ke nan." Ya ture kwano.

Wallahi hankalina ya tashi. Washegari na tsige gashin tsohon zakaran, na bi layinmu gida-gida da ambulan ina roƙon gashin kaza. Na sha tsiya. Matar mai wanki cewa ta yi, "Duk karatun nan a figar kaza ya ƙare?" Gida talatin da ɗaya na shiga. Na yanke gindin kowane gashi, na sa a 'yan kwalabe, na ba na'ura.

Tambarin zakaranmu ban taɓa ganin irinsa ba cikin ɗaruruwan kajin da muka gwada a wurin aiki. A layinmu ma duk ba su dace ba, sai ambulan ɗaya: na gidan mai ɗinki, ƙawar Mama. Kajin nata kuwa jajaye ne, ko kama babu, don zakarun waje sun canza musu riga. Sau biyu na maimaita gwajin.

Na kai wa Baba takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "To ta yaya kazar Inna ta je can? Tashi ta yi?"

Mama na tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "A gefen zanina ta je, Malam. Ƙwai shida, shekara goma sha biyu ke nan. Kazarta na kwanci, na saka mata."

"Sata kika yi mini?"

"Ajiya na yi maka. Kai ne ba ka sani ba."

Ban taɓa ganin Baba ya sa hula da sauri haka ba. Muka bi shi. Mai ɗinki ta tsayar da keke, ta saurara, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Malam, ga su can, amma da hannunka za ka kama. Ni ba na guje-guje."

Dattijo mai shekara saba'in ya durƙusa tsakanin ƙyallaye da zare, yana kiran kaza da muryar da ban san yana da ita ba. Wata ja mai gajerun ƙafa ta shige ƙarƙashin keken ɗinki, ta sare shi a yatsa. Ya ce, "Ita ce! Halin nan na gidanmu ne." Ya rungume ta a ƙirji, idonsa ya cika.

Muka kamo hanyar komawa. Sai da muka kai ƙofar gida ya juyo wajen Mama.

"Gida nawa kika kai wa?"

"Ɗaya tak."

"Kin yi rowa," in ji shi. "In wannan ta fara ƙwai, ki ci gaba da satarki. Ni zan riƙa kau da kai."