Hannun Ƙofar Yana Kan Tebur

Ƙarfe huɗu Dogo ya ce motarsa za ta tashi, kuma Dogo ko uwarsa ce ta makara ba ya jira. Abokina ne, direban babbar mota, shi ya samar mini aiki a wani kamfanin kujerun bas, tafiyar kwana guda daga nan. An ce duk wanda bai bayyana ranar Litinin da safe ba, a ba wani gurbinsa. Shekarata arba'in da uku. Ashirin da bakwai daga ciki a shagon kushin na Kawu na yi su, ƙanin mahaifiyata da ya riƙe ni, ina yanka soso ina shaƙar gam, amma har gobe in baƙo ya shigo sai ya dube ni ya ce, "Ina mai shagon?" Na gaji. Wallahi na gaji har cikin ƙashina.

Ban gaya wa Kawu ba. Sau uku ina buɗe baki, sau uku maganar tana komawa ciki. Jakata tun safe na tura ta ƙarƙashin teburin yanka na lulluɓe da guntayen soso. Na ce wa kaina bari in gama masa ƙofofin motarsa tukuna, sai in faɗa masa in fita, kada a ce na gudu na bar aiki a rataye.

Motar tsohuwa ce mai ƙofa biyu, ta girme ni. Kawu ya saye ta tun yana ji da kansa, ta mutu, ta yi shekaru a bayan shago kaji na kwana a kai. Bana ya tashi haiƙan sai ta tashi. Makaniki ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa, aka turo ta ciki aka manna gefenta da bango don a samu hanyar wucewa. Saura nawa, wato allunan cikin ƙofa. Na asalin ruwa ya cinye su, ka taɓa su marmashe, kuma ba inda za ka je ka ce a sayar maka da irinsu.

Mako uku na yi a kansu. Na manna takarda a jikin ƙarfen ƙofar na bi kowane rami da ɗan yatsa, na mayar da zanen kan kwali, daga kwali zuwa siririn katako. Na shafe bayan katakon da fenti don kada ruwa ya sake yi mana ta'adi. Soso mai laushi, sannan jar fata ta gaske, ba leda ba, na ja mata layin ɗinki goma sha huɗu, kowane da tazarar yatsa biyu. Har aljihu na yi a ƙasa. Ba yabon kai ba, tun da na fara riƙe almakashi ban taɓa yin aiki irin wannan ba. In zan tafi, so nake Kawu ya riƙa kallonsa yana cizon yatsa.

Ranar, ƙarfe ɗaya Kawu ya tafi asibiti a duba masa ido. Biyu da rabi na buga kilif na ƙarshe, ɗan maƙalin da ke riƙe allo a jikin ƙarfe, a ƙofar direba. To mu masu kushin muna da wata ɗabi'a: ba ka yarda da allo sai ka shiga ka zauna ka rufe ƙofa, ka ga ko gefensa na gogar kujera. Na shiga, na sa yatsa a aljihun na jawo ƙofar. Ta rufu ƙyas, ba ta gogi komai ba. Na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Na miƙa hannu zan buɗe, sai na damƙi iska.

Hannun ƙofar yana kan tebur. Shi da na ɗaya ƙofar, da hannayen murɗa gilashi, duk na goge su da safe na jera a kan tsumma suna ta ƙyalli. Ina hango su ta gilashin gaba. Wayata tana kusa da su.

Kai! Ni da na yi shekara ashirin da bakwai a sana'ar nan! Da labari aka ba ni wani ya yi haka, da sai na yi dariya har na faɗi.

Da farko ban damu ba. Ɗan ƙarfen da hannun ke zama a kai ya leƙo ta ramin da na huda masa, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Na kama na murɗa, ya goge mini fata. Na naɗe shi da bakin riga, ya zame. Na gwada da kan bel, na gwada da makullin gida har ya lanƙwashe. Ɗaya ƙofar ko da ta buɗu bango ne. Na danna oda, shiru, batirin yana wajen makaniki. Na yi ta ihu ina dukan rufi, amma mai walda na makwabta ya kunna injin gugarsa, ko harbi aka yi ba mai ji.

Ƙarfe uku wayar ta fara haske a kan tebur. Na san Dogo ne. Ta yi ta gaji ta mutu, ta sake.

Zafi ya taso. Gilasai duk a rufe, warin gam da sabuwar fata ya cika mini kai, gumi na bin bayana har kujera. Na zagi motar, na zagi mai walda, na zagi kaina da sunayen da ba zan maimaita ba. Na kwanta na saita dunduniya a gilashi, sai na janye. Gilashin na asali ne, ba a yin irinsa kuma, in na fasa shi motar Kawu ta zama mai ido ɗaya har abada.

Na san hanyar fita tun minti na farko, ƙin kallonta nake yi. Bayan allon akwai wani siririn ƙarfe da ya tafi daga hannu zuwa makullin ƙofa. Ka ja shi, ƙofa ta buɗe. Amma kilif ɗin da na sa irin na da ne, in ya ciji ƙarfe ba ya saki sai da ɗan ƙarfen ɓamɓarewa, shi kuwa yana rataye a bango. Da hannu, katakon ne zai tsage.

Na ce in jira Kawu. Uku da kwata. Uku da minti ashirin da biyar. Layin asibitin ido kuwa kowa ya san shi. Na zauna ina kallon ɗinkina, na rasa wanda ya fi ba ni haushi, shi ko ni. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ƙato da ni da furfura a gemu.

Uku da rabi na cusa yatsuna a ƙasan allon na rufe ido na fizga. Katakon ya yi ƙara ya dare. Na sake fizga, fatar ta yage ta bi ta tsakiyar ɗinkin har sama. Na zura hannu, bakin ƙarfe ya yanke ni a wuyan hannu, na lalubo siririn ƙarfen na ja. Ƙofar ta buɗe salin-alin kamar ba ita ba.

Na ɗaure hannun da tsumma, na jawo jakata, na ɗauki waya. Ina juyowa na ga Kawu a bakin shago, da baƙin tabarau na roba da aka ba shi a asibiti. Ya dubi jakar, ya taka a hankali zuwa motar, ya shafa allon da tafin hannu har yatsunsa suka faɗa cikin yagar.

"Kawu," na ce, "rufe ni ta yi. Kuma dama akwai maganar da..."

"Na ga jakar tun safe, ina neman soso," ya ce. "Wa zai kai ka?"

"Dogo. Ƙarfe huɗu."

"To me ka tsaya yi? Wancan ɗan banzan ba ya jira. Tafi, Allah ya yi maka albarka."

Shi ke nan. Ba faɗa, ba gori. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshi na shekara da shekaru, ga su nan a bakina ba wanda zan ba.

Na kai bakin ƙofa. Saura minti goma sha biyar, a babur tafiyar minti goma ce. Da na wuce da shi ke nan, amma sai na waiga.

Kawu ya hau kan benci ya sauko da ragowar jar fatar daga saman kanta. Na san girmanta, allo ɗaya za ta yi, babu ƙari, kuma ba za a sake samun rini irin nata ba. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗora kwalin awo a kai. Kwali ɗaya ne na ƙofofin biyu, na direba sai ka kifa shi. Bai kifa ba. Maganin da aka ɗiga masa a ido bai sake shi ba, ba ya ganin rubutun da na yi a jiki. Ya zagaye da alli, layin na shiga yana fita. Ya ɗauki almakashi.

"Kawu, kifa kwalin."

Ya juya shi, kai ya koma ƙafa.

"Ba haka ba! Kifawa na ce, kifawa!"

"Na ji. Kai dai tafi," ya ce, ya buɗe bakin almakashin a gefen fatar.

Na ajiye jakar don in nuna masa kawai. Na karɓi almakashin, na kifa kwalin, na goge layinsa da gefen hannu na ja sabo. Wanda ya ja layi kuwa shi ya san inda ya bar rarar naɗi, don haka na yanka. Wayar ta yi ta rawa a aljihuna, ina tsakiyar yankan kwanar allon, ba a ɗaga almakashi a kwana.

Da na ɗago, huɗu ta gota. Wayar ba ta sake motsi ba. Kawu yana zaune a kan benci, ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga.

"Soson da ya rage zai isa?" ya ce.

Na ce zai isa.