Yaran da Aka Cire Daga Lissafi

Ni dai ban taɓa mayar da yaro daga bakin ƙofa ba, kuma abin da ya ci ni ke nan.

Makarantar da nake shugabanta tana bayan tashar manyan motoci, jikin katangar wata ma'ajiyar siminti. Ɗalibanmu 'ya'yan direbobi ne da magina da ma'aikatan da ba a barin su su ɗumama wuri. Yaro zai zo maka a tsakiyar zango, rigarsa ta wata makaranta, littafinsa na wata. Mu share masa gefen benci mu ce zauna.

Sai hukumar ilimi ta ce makarantu sun yi yawa, za a auna su da jarrabawar fita, na can ƙasa a rufe. Sakamakon farko ya fito, mu ne na kashin baya.

Ko gida ban biya ba, na wuce ofishin ƙididdiga na hukumar, inda autanmu yake aiki. Ni na goya shi, don haka ba na neman izinin shiga. Na same shi a wani ɗan ɗaki, fanka na kaɗa zafi, ya tusa kai a kwamfuta.

"Auta, kai ka yi wannan aika-aikar?"

"Yaya, zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ya juyo da allon wajena. Ya ce tsarin lissafin hawa-hawa ne, ɗalibi cikin aji, aji cikin makaranta, makaranta cikin gunduma, kamar yadda nake jera kwanuka ƙarami cikin babba. Kowane yaro kwano ɗaya ake ba shi. Wanda ya yi makarantu uku, sai a jingina shi ga wadda ya zana jarrabawa a cikinta.

Na ce, "Wato ni. 'Yar direban tankar nan da ta zo mini ana gobe-gobe jarrabawa, ko sunanta ba ta iya rubutawa, duk ni na lalata ta? Ɗan mai walda kuwa, da na sha wahalarsa tun yana majina, uban ya mayar da shi makarantar bakin titi a zangon ƙarshe, ya zo na ɗaya, ladan nasu ne?"

"A lissafin, haka ne."

"Amma ka iya aiki, sannu."

Bai yi fushi ba, halinsa ke nan, yana kuma ƙara ƙona mini rai. Ya ce akwai gyara. Ana iya raba sakamakon yaro tsakanin duk makarantun da ya zauna, kowace ta ɗauki kaso gwargwadon daɗewarsa a cikinta. Sai dai aiki ne ja, don sai an bi sawun kowane yaro, an san inda ya fito da tsawon zamansa.

Na ce, "To me kake jira? Tashi ka gaya musu."

Ya kuwa gaya musu. Ya bi makarantu a kan babur har ya yi baƙi, ya haɗa bayanan, ya kai taron hukuma. Ba a gayyace ni ba. Shi ya zo gida da yamma ya ba ni labari, yana magana yana kallon takalminsa.

Darakta ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi dariya. Wai, "Sulusin yaro? Samari, ka taɓa ganin sulusin yaro yana tafiya a titi? Da wane baki zan karanta wa manya wannan?" Ɗakin ya ɗauki dariya. Amma fa mutumin kirki ne, in ji su. Ya ce lallai Auta ya faɗi gaskiya, zalunci ne a ɗora wa makaranta yaron da ba ita ta raine shi ba. Saboda haka, don kada a cuci kowa, duk wanda ya taɓa canja makaranta a cire shi daga lissafin gaba ɗaya. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu cewa Allah ya ƙara basira.

Na ce, "To ai shi ke nan, an sauke mini kaya."

Auta ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Yaya, in aka cire su, su wa suka rage miki?"

Na fara ƙirgawa da yatsu. Ban gama hannu na biyu ba na tsaya.

Da rahoton ƙarshe ya fito, ba mu ne na kashin baya ba. Ba ma ko'ina. An rubuta cewa ɗalibanmu sun yi kaɗan a auna, kuma ƙa'ida ita ce makarantar da ba ta aunuwa a haɗe ta da wata. Azuzuwana cike maƙil, yara na zama huɗu-huɗu a benci, wai sun yi kaɗan. Na yi baƙin cikin da ban yi ba ko ranar da aka kira mu na kashin baya. Wancan ko banza zagi ne, an san da mu.

Ranar kwashe kaya Auta ya zo taya ni. An rarraba yaran, wasu bakin titi, wasu can gaban kasuwa. Muna ɗora bencuna a mota, su kuma sun yi cirko-cirko a tsakar fili, sun rungume jakunkuna. Ba wanda ya yi kuka, sun saba.

Na ce wa Auta, "Ba komai. Tunda manyan makarantu za su, ko ba ni ba, baɗi dai za a ƙirga su a matsayin mutane."

Ya ajiye ƙarshen bencin da yake riƙe da shi, ya goge hannu a wando.

"Yaya, ai yau ma canja makaranta suka yi. Baɗi duk cire su za a yi."