Kogon Cilakowa a Bayan Katangar Alhaji

Ƙungiyar mazauna wani layi a Gwarinpa ta karɓe kyamarar Malam Silas Zacharias, ta kulle ta a durowar ɗakin masu gadi, ta kuma yanke shawarar a sare bishiyar maɗacin da yake ɗaukar hotonta. An yi haka ne a taron ranar Lahadi da yamma, ƙarƙashin rumfar bakin get. Cikin waɗanda suka ɗaga hannu, babu wanda ya kalli hoto ko ɗaya daga cikin waɗanda aka hukunta shi a kansu.

Silas malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutumin Kagoro, yana haya a saman bene. 'Yarsa ce ta aiko masa da kyamarar bara. Ƙarama ce, tana shiga aljihun gaban riga, amma da an kunna ta sai hancin gilashinta ya fito ya yi ta tsawo, ta jawo abin da ke nesa har ninki arba'in. Tana kuma da abin da ke hana hoto rawa, wanda ya yi masa rana, don hannunsa na dama ba ya tsayawa wuri ɗaya tun wata jinya da ya yi.

Da ita ya gano abin da ke jikin maɗacin. Bishiyar tana bakin kwata ne, bayan katangar Alhaji Mika'ilu, dillalin kayan gini a kasuwar Dei-Dei. Can sama, inda wani reshe ya taɓa karyewa, akwai kogo. Macen cilakowa ta shiga ta yi ƙwai, aka liƙe bakin kogon da laka, aka bar siririyar tsaga da namijin ke miƙa mata abinci. Haka wannan tsuntsu yake yi. Daga ƙasa ba a ganin tsagar. Ko daga barandar Silas, ido kaɗai ɓawon itace yake gani.

Sai dai tsakanin barandar da kogon akwai tsakar gidan Alhaji Mika'ilu, kuma shi ya kawo ƙara.

"Kullum da safe, Ciyaman," in ji Alhaji a wurin taron. "Ina fita kasuwa, abin nan zai fito da hanci ya kalli gidana. Hajiya sai ta sa hijabi kafin ta yi shanya a tsakar gidanta. Ina aka taɓa haka?"

Mutane suka gyaɗa kai. Ƙorafi ne da ya cancanci a saurara, kuma Silas bai musa ba.

"Alhaji, kana da gaskiyar tambaya," ya ce. "Amma ban san ko launin tsakar gidanka ba. In na jawo kogon, itace ke cika allon kaf, ko katanga ba ta shiga. Ga ta nan, ka duba."

Ya miƙa kyamarar. Alhaji ya mai da hannuwansa baya.

"In duba a gaban jama'a? In iyalina suka fito fa?"

"To shiga ɗakin masu gadi ka duba kai kaɗai."

"Ban iya latsa ta ba. Sai wani ya tsaya a kaina."

"Ni zan tsaya."

"Kai da ka riga ka gama gani?"

Aka yi dariya. Silas ya juya wurin shugaban ƙungiyar, Mista Elvis, ma'aikacin gwamnati mai son a gama taro kafin a fara ƙwallo.

"Oga Ciyaman, kai ka duba."

"A'a, Baba Tica, ka rufa mini asiri. In na duba na ga abin da bai kamata ba, ɗan leƙe ya zama biyu."

Daga nan zancen ya tsaya cak. Duk wanda ya duba zai iya aikata laifin da ake zargi, saboda haka ba wanda zai duba, saboda haka zargin na nan. Madam Perpetual, mai shagon ɗinki a bakin layin, ta ɗaga hannu ta ce ai abin da sauƙi: a ba ta kyamarar ta shiga wurin Hajiya Bara'atu, matar Alhaji, su duba su biyu, mata zalla.

"Ba a sa Hajiya cikin wannan magana," in ji Alhaji.

"Ai maganar tata ce, Alhaji."

"Madam," Ciyaman ya katse ta, "masu gida ke da ƙuri'a. Ke haya kike. Mun ji, mun gode."

Wani daga baya ne ya kawo maganar sara. Ya ce dama ganyen maɗacin na toshe kwata duk damina. In babu bishiya, babu abin ɗauka, kowa ya huta. Ciyaman ya ce wannan ita ce mafitar da ba ta ɓata wa kowa ba.

Silas ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba.

"Akwai rai a cikin bishiyar nan. Macen tana ciki, an liƙe ta. A irin wannan lokaci gashin fikafikanta zubewa yake, ko an fasa kogon ba za ta iya tashi ba. Ku bar mata 'yan makonni. Ku riƙe kyamarar in kuna so, na yarda. Ku bar bishiyar."

"Baba Tica, ita ta faɗa maka, ko mijin?" wani ya tambaya.

"Mu dai ba mu ga tsuntsu a ciki ba," in ji Ciyaman.

"Ga hotonsa nan a cikin kyamarar. Ka ƙi dubawa."

"An wuce wannan."

Aka ɗaga hannu. Silas ɗan haya ne, ba a ƙirga nasa ba.

Washegari ya je ɗakin masu gadi ya nemi a ba shi katin ajiyar hotunan kawai, ya kai a wanke ɗaya ya liƙa a get. Aka ce mabuɗin durowar yana wurin Ciyaman, Ciyaman kuma ya tafi Lakwaja wani aiki. Ya gwada ɗauka da wayarsa daga bakin kwata. Da ya jawo hoton, sai wani dishi-dishi mai ruwan ƙasa, wanda ko shi ba zai rantse a kai ba. Ya aro tsani, bai kai rabin bishiyar ba.

Ranar Talata Madam Perpetual ta shiga gidan Alhaji kai ɗinki. Da ta fito ta shaida wa Silas cewa Hajiya Bara'atu ta ce ta kwana biyu tana jin kukan 'yan tsuntsaye daga cikin bishiyar idan gari ya waye, kuma ba wanda ya tambaye ta. Ta kuma ce hancin kyamarar ya dame ta da gaske, da an yi sallama an nuna mata tun farko da ba a kai nan ba. Silas ya ce wannan ma gaskiya ne. Perpetual ta aika wa Ciyaman saƙo ta waya da abin da Hajiya ta faɗa. Alamar an karanta ta fito, amsa ba ta zo ba.

Mai injin yankan itace ya zo ranar Laraba da hantsi. Ya zagaya maɗacin, ya ɗaga kai, ya ga wayar lantarki ta bi ta ƙarƙashin rassan. Ya ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, zai dawo da igiya da abokan aiki. Bai faɗi rana ba.